Ɗan Tsuntsun da Ya Sha Ruwan Baba

A gidanmu na Zaitawa, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Iya, tana ɗumama tuwo tana yi mana tatsuniya. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, manya suna zaure suna musun siyasa, mu kuwa duniyarmu ba ta wuce hasken garwashin nan ba.

Kananzir ya yi wuya a lokacin, sai a sayo ɗan kaɗan a kwalbar lemo. Wata rana da la'asar ƙanena Sani, ɗan shekara biyu, ya tarar da kwalbar a bayan ƙofa, ya kurɓa, ya hau tari. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce a sa masa yatsa ya yi amai. Umma ba ta saurari kowa ba. Ta goya shi, ta ɗauki kwalbar, ita da Baba suka nufi asibiti.

Har isha'i shiru. Iya ta hura wuta kamar kullum.

"Ku matso, ga wata nan tafe. Wa zai tare ta?"

Ta ce wani ɗan tsuntsu ne ya leƙa rijiyar marina, ya ga ruwan baba shuɗi shar, ya zaci sama ce ta sauko ta kwanta, sai ya sha. Cikinsa ya ɗau zafi. Hankaka ya ce a girgiza shi, kurciya ta ce a ba shi toka. Uwarsa ta sure shi ta tashi neman mai magani.

Na ce, "Iya, ya warke?"

"Ke uwar gaggawa, tsuntsuwar ma ba ta sauka ba!"

Iya ta bi da tsuntsuwar ta kan dutsen Dala, ta ratsa da ita kasuwar Kurmi, ta sa ta gaisa da kowace bishiya. Tuwo ya kama, Iya ba ta lura ba.

Can sai ga sallamar Baba.

"Iya, yana barci, numfashinsa ya daidaita. Likita ya ce da an sa shi amai, da kananzir ɗin ya faɗa huhunsa."

Iya ta yi hamdala. "Angon nawa bai shirya sakina ba ke nan!" Ta juyo gare mu. "To, tsuntsuwa ta sauka, ɗanta ya warke. Kowa ya tashi ya kwanta."

Sai da na girma na gane ita ma ba ta san ƙarshen labarin ba. Jan sa take yi, tana riƙe da zukatanmu har Allah ya kawo ƙarshen da zai faɗu.

Yau a gidana kananzir da maganin ɓera da ƙananan batiran kayan wasa suna sama, a kulle, kuma ba na zuba komai a kwalbar abin sha. 'Yata tana son tatsuniyar tsuntsun nan. Ina yi mata, amma a tawa, kafin ya iso, masu rini sun rufe bakin rijiyar.