Baba ya sauya mota saboda gwiwarsa

Jama'a, yau mota ta ƙwace mini uba!

Bikin suna za mu je Maraɗi. Ƙanena Sanusi ya zo da sabuwar a-kori-kurarsa, wadda ke canza giya da kanta. Ni kuma na bar tsohuwar tawa a garin Magama, kusa da boda, na shige baya ina cika ina batsewa. Baba na gaba.

Mun shiga layin boda muna jan jiki, sai muka ji ƙum daga ƙasa! Motar ta zabura. Ta sake yin ƙum! Wallahi sai na ji wani sanyi a raina.

Na ce, "Baba, giyar ta tafi! Mu koma mu ɗauko tawa."

Sanusi ya ce, "Yaya, lafiyarta lau. Wanda ya sayar mini ya ce haka take yi in tana tafiyar hawainiya, giya take zaɓa."

Baba ya dubi hannuwan Sanusi, duka biyun suna kan sitiyari. Ya ce, "Kana nufin har Maraɗi ba za ka taɓa sandar nan ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Sai tsohon nan ya miƙe ƙafa, ya yi ajiyar zuciya, ya waiwayo ni. "Kai kuwa tun da ka sayi taka kake dukan gwiwata da sandar giya, na yi shiru don kar ka ji haushi. In mun dawo, ka ɗauko mini buta da dardumata daga motarka."

Ni da na koya wa Sanusi tuƙi!