Ɗigon da ya raba dal da zal

Shekara goma ke nan cif da muka binne yayana, Malam Sani, malamin kimiyya a wata sakandare a bayan ganuwa. Har yau ba na iya bin lungunmu na Kwarbai ban ji kamar zai ɓullo da kekensa ba.

Mahaifinmu rubutun littattafai yake yi da alƙalamin kara, don haka da harshen gidanmu Yaya ya yi mini bayani. Lokacin na binne 'ya'ya biyu, duk da kumburin hannu da ciwon ƙashi, unguwa ta sa wa matata Hajara suna mai wabi. Yaya ya ce kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da rubutu, tana karanta shi baƙi uku uku, kowane uku ya nuna mata abin da za ta jera ta gina furotin, wato sinadarin da ke gina jiki. Baƙi ɗaya ya sauya a wurin da ake gina na jini, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Ita ce sikila.

"Garba, ɗigo nawa ya raba dal da zal?" in ji shi. "Kuma yaro ba ya kwantawa sai ya gaji kuskuren ta wajen uwa da ta wajen uba. Taho mu je a auna jininka."

Na ce ni lafiyata ƙalau, boko ne ya juya masa kai. Gaskiya ɗaci gare ta. Ban je ba, na saki Hajara. Shekara ba ta zagayo ba zazzaɓi ya ɗauke Yaya, muna gaisawa sama-sama.

Yanzu har a rediyo ana kiran samari su gwada jini kafin aure. Da yana nan, na san murmushi zai yi ya ce sannunku da zuwa. Abin da zai ce da ni ne nake tsoro, domin bayan rasuwarsa na je an auna ni a ɓoye, na ninke takardar na yi shiru shekara tara.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Maganar nan kaɗai ya bari, kuma ta ƙi kwanciya. Hajara tana Gyallesu, ba ta sake aure ba, sunan nan na bin ta har yau. Wanda ya san ta ya karanta mata wannan. Hajara, ba ki da wabi. Rabin abin daga jinina ya fito, na sani tuntuni, kuma na bar ki da shi ke kaɗai.