Tawadar Allah a bayan Malam

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, da tawadar Allah aka haife shi a gadon baya. Ba ɗan ɗigon nan da kowa yake da shi ba. Tasa ta kai faɗin faifai, baƙa ƙirin, har da gashi. A ƙauyenmu can gefen Roni cewa ake alamar arziki ce, surukata Inna kuwa ta fi kowa faɗa. Shi bai taɓa ganinta ba. Ni nake gani, in ya dawo daga gona ina shafa masa man shanu.

Wata kaka, zamanin En'e, ana cirar gyaɗa, yatsana ya ci karo da wani ɗan ƙullutu a gefen tawadar, kamar ƙwayar wake. Na yi magana, ya ce cizon ƙwaro ne. Ranar wanki sai ga ɗigon jini a taguwarsa, daidai wurin.

Ban yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma kaɗi sana'ata ce. Na warwaro zare daga mazari, na kewaye ƙullutun, na tsinke daidai, na ƙulle a bakin zane. Bayan Juma'a uku na sake. Bayan wasu uku na kuma. Kowane sabon zare ya ɗara wanda ya riga shi tsawo.

Da wanzamin garinmu ya zo yi masa ƙaho, yana ganin wurin ya mai da askarsa zabira.

"Wannan daji ne," ya ce. "Daji kuwa ba ya son ƙarfe. Aska ko allura ta taɓa shi, fantsama zai yi. A jiƙa masa sassaƙe."

Malam ya dube ni. "To, kin ji dai."

Na ji, amma gwaggona ta Kazaure an yanke mata ƙari a wuya a asibitin Kano, tana nan tana dakanta. Na san kuma mutum ɗaya ce Malam ba ya yi wa musu.

Ni da ko ido ba na haɗawa da Inna, ranar na shiga ɗakinta na durƙusa, na jera zarurrukan a tabarma.

"Mene ne haka, 'yar nan? Kaɗin ne ya gagare ki?"

"Inna, gwada su za ki yi."

Ita ma ta tsufa a kan mazari. Ta haɗa kawunansu, ta ja, ta ga yadda suka bi juna. Sannan na gaya mata abin da na auna. Malam ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta nuna damuwa. Ta kau da kai.

"Tawadar da ta shekara arba'in a zaune?"

"Ita tana zaune, Inna. Abin da ya tsiro a cikinta ne yake tafiya."

Ta daɗe tana murza zaren. Can ta ɗaga murya: "Kai, wancan mai taurin kan. Ɗaura wa jaki akumari."

"Inna, ai wanzami ya ce…"

"Wanzamin ya auna?"

Jaki ya kai mu Kazaure, motar gyaɗa ta kai mu Kano. Likita ya sa tafinta ya tambayi yaushe abin ya fara girma. Malam ya juyo gare ni. Ni na kwance bakin zane. Likitan ya shimfiɗa zaren a kan ma'auninsa, ya dube ni, ya sake duban zaren. Ya ce babbar tawada irin wannan wani lokaci daji yakan taso daga cikinta, kuma da mun jira damina, da ya riga ya shiga jiki.

Suka yanke wurin har da kewayensa, suka ɗebo fata daga cinya suka yi masa maho. Kwana ashirin yana ruf da ciki. Nakan ce, "Malam, ƙarfen ya fantsama da kai?" Sai ya ce, "Ke dai miƙo furar."

Daminar nan da kansa ya yi huɗa. Matan garin suka fara kawo mini 'ya'yansu in duba musu tabo, har matar wanzamin, ta ƙofar baya. Malam kuwa sai da ya ɗauki tattaɓa-kunnensa a cinya. Da lokacinsa ya yi, tsufa ne ya kai shi, a ɗakinsa, yana kwance a kan bayan nan.