Hulusi Mai Rina Lofe da Numfashi

Cikin 'ya'yan baffanmu biyu, Nazmi Allah ya ba hannu. Ka miƙa masa farin dutsen nan da ake haƙowa a rijiyoyin Eskishehir ta ƙasar Turkiyya, wanda in ya jiƙa yake yankuwa kamar sabulu, kafin shayinka ya huce ya fitar maka da lofen shan taba mai kan zaki, har ka janye yatsa kada ya cije ka. Ƙanensa Hulusi kuwa, ranar da aka fara ba shi wuƙa ya yi niyyar kan sarki, ya fito da abin da mahaifiyarsu ta rantse dankali ne.

Sai aka samo masa sana'ar da ta dace da shi: zuƙa. Lofen dutse fari fat yake fitowa, masu tara shi kuwa, attajiran Istanbul da Turawa, ba sa so sai ya yi launin zuma, wanda ba ya samuwa sai an shekara da shekaru ana busa taba a ciki. Su ba su da wannan haƙurin, kuma suna son ƙirjinsu. Hulusi ya ba da nasa. Nazmi ya sassaƙa, shi ya zauna ƙofar shago da farar safar hannu don kada gumi ya ɓata dutsen, yana ta banka hayaƙi har tattabarun unguwa suka koyi tari.

"Hulusi, gobara ce a gidanku?" in ji masu wucewa.

"Ku wuce, 'yan zaman banza. Aiki nake."

Da Nazmi ya rasu, aka tarar da lofe ɗaya a aljihun teburinsa, fari, ba a taɓa sa masa wuta ba. Fuskar mahaifinsu ce, wanda rijiyar dutse ta rufta da shi tun suna yara, har da karkataccen hancin. A lokacin Hulusi ya riga ya fara tarin da ke girgiza tagogin maƙwabta. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce in ya ƙara zuƙa ɗaya nan gaba, duk abin da ya same shi, shi ya jawo wa kansa. Hulusi ya yi godiya, ya dawo gida ya cusa wa lofen taba.

"Maigida, so kake ka mayar da ni gwauruwa saboda dutse?" in ji matarsa Nezahat. "Ka ba yaran kasuwa su sa shi a akwatin hayaƙi kamar yadda kowa yake yi yanzu."

"Baban namu zan sa a akwati a turara kamar kifi? Na akwati launi ɗaya yake fitowa, sai ka ce an tsoma a miya. Na numfashi daga ƙasa yake hawa. Duba, gemu ya fara ja."

Ta ɓoye tabar, ya aro wurin mai aski. Ta ɓoye lofen cikin buhun shinkafa, ya ƙi cin abinci har ta fito da shi tana kuka.

Ferit Bey, wanda ya tara lofen Nazmi cike da kabad a Istanbul, ya ji labari ya taso. Ya juya lofen a haske, idonsa na ƙyalli.

"Usta, gwanin sana'a, ka huta haka nan. Ba ni shi yadda yake."

"Ranka ya daɗe, Yaya bai taɓa ba ka aikin da bai ƙare ba. Ka dawo in launin ya kai goshi."

Launin ya haye gemu, ya ci gashin baki. Hulusi ya rame har safar hannun ta yi masa yawa. Jini ya fara fitowa a hankici, yana naɗewa yana turawa ƙarƙashin matashi. Ƙarshe zuƙa biyu yake yi ya kwanta yana haki, lofen a kan ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Launin zumar ya kai ƙasan idanu ranar da aka ɗauki Hulusi zuwa maƙabarta.

Ferit Bey ya zo ta'aziyya, ya sha shayi, ya yi ta gyaran murya. Nezahat ba ta bari ya buɗe baki ba. Ta naɗe lofen a tsumma ta tura masa.

"Ɗauke shi daga gidana. Kuma don Allah kada ka ba ɗan kowa ya ƙarasa."