Ƙas-ƙas a motar Kawu Bawa

Jama'a, yau a Mafara an kashe inji, ƙara ta ƙi tsayawa!

Tsohuwar motar kawuna ce, Alhaji Bawa, da ya saya hannun ma'aikatan dam ɗin Bakolori. An sake haɗa injinta, saura setin tafet, 'yan ƙarafan inji masu ƙas-ƙas in sun yi sako-sako. Sani makanike ya ƙara wa kowane noti rabin zagaye, ya tayar. Ƙas-ƙas-ƙas! Ya sake ɗaurewa. Ƙas-ƙas! Gumi ya karyo masa.

Ya ce, "Alhaji, sai an sake kwance injin nan."

Ya kashe. Ƙas-ƙas!

Muka zagaya. Ashe Kawu ne jingine da mota yana mata addu'a, carbinsa na bugun bodi!

Kawu ya ce, "To mi? In daina?"

Sani ya ce, "Ci gaba, Alhaji, amma daga can gindin bishiya!"