Mutumin Da Alwala Ke Kayarwa

Lokacin da muke koyon aikin likita a Hartum, tunjere, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ciwo ne da malamanmu ke cewa a riƙa zarginsa a kan kowane majinyaci. Yau kuwa da yawanku, matasan likitoci, sai a littafi kuka san shi. Na yi aiki a Yamai, na yi a Jidda, amma a nan cikin birni na ga abin da har gobe yake tayar mini da tsikar jiki.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka kawo mini Malam Bukar, wani dattijo baduku a Kasuwar Kurmi, ɗan asalin Barno. Ina babban likita a sashen da ake fara ganin marasa lafiya. Ƙaninsa Alhaji Modu ne ya riƙo shi. Tun daga ƙofa na ji tafiyarsa: yana ɗaga ƙafa yana buga ta da ƙasa, idonsa kafe a kan yatsunsa.

Na gaishe shi da Barbarci. Ya dube ni ya ce, "Bafulatani ne zai duba ni? To, na shiga uku."

Alhaji Modu bai yi dariya ba. Ya ce, "Likita, aljani ne, kuma kafiri. Zai wanke hannu lafiya, ya kurkure baki lafiya, amma da ya kai ruwa fuska sai a kayar da shi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Jibi za mu kai shi wani ƙauye a ɗaure shi. Matarsa ce ta nace mu biyo nan."

Malam Bukar ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ɗaurin ke damuna ba. Ina tsoron ko Allah ne ya daina karɓar alwalata."

Na sa aka kawo buta, na ce ya tsuguna ya yi yadda ya saba. Da ya zo fuska ya runtse ido, sai ya tafi gefe kamar an zare masa ƙasa. Na tare shi. Na ce ya sake, amma kada ya rufe ido. Ya watsa ruwan, idonsa a buɗe, yana ƙiftawa da kyar. Bai motsa ba.

Alhaji Modu ya ce, "La'ilaha illallahu!"

Ga abin da ke faruwa. A cikin lakar baya akwai jijiyoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, ko mutum bai duba ba. Ƙwayar tunjere na iya kwanciya a jiki shekara da shekaru ba ta ce uffan ba, sannan ta cinye waɗannan jijiyoyi. Daga nan ido kaɗai ke riƙe mutum. A ƙasashen da ake wanke fuska a tsaye, gaban kwanon wanke fuskar ake faɗuwa, haka aka koya mana. Ban taɓa kawo wa raina cewa a garinmu wurin alwala abin zai bayyana ba.

Na haska idonsa da tocila, ƙwayar idon ta ƙi tsukewa, amma da ya dubi yatsana kusa sai ta tsuke. Na fitar da ƙaninsa, na tambayi Malam Bukar ko ya taɓa yin wani gyambo a gabansa, marar zafi, wanda ya warke da kansa.

Ya ce, "Tun ina saurayi ina fataucin fata. Ashe yana nan?"

Gwajin jini da na ruwan ƙashin baya suka tabbatar tunjere ne. Muka kwantar da shi, ana ba shi fenisilin ta jijiya kusan mako biyu. Da yardarsa aka gwada matarsa, aka yi mata magani. Alhaji Modu kuwa abin da ya ji daga bakina shi ne ciwon laka, kuma ban yi ƙarya ba.

Na faɗa wa Malam Bukar gaskiya: maganin zai tsayar da ɓarnar, amma abin da ya lalace ba lalle ya dawo ba. Ya ce, "Wato shekara sittin ƙafata tana magana da kaina, ban taɓa gode wa Allah a kan wannan ba?" Ni ma ban taɓa ba.

Ba a kai shi ƙauyen ba. Ya koma rumfarsa da sanda, yana alwala a zaune, bayansa jingine da bango. Ni kuma tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da matsalar tafiya, kafin na ɗauki wani kayan aiki sai na tambaye shi yadda yake ƙarewa da wankin fuska in yana alwala.