Gar Ya Ce, Ba Gari Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni wai Malam Isufu ya rasu.

Dattijon da muke aiki tare ne, mutumin Damagaram. Shi ya fara nuna mini yadda ake shiga jirgin Metro da na zo ƙasar nan. Rigar sanyina ta farko ma tasa ce.

In kun san shi, kun san labarin ƙaramin garin nan na Faransa inda ya yi karatu. Har yau na kasa faɗin sunan daidai. Wai da can da kwale-kwale ake fitar da alkamarsu, jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar masu kwale-kwale, daga baya babbar hanya ta bi ta gefe, aka bar su da jirgin safe da na yamma. Kullum sai ya maimaita. Tasha kuwa ba ya ce mata tasha, sai "gar", irin ta mutanen Nijar. Ni na fi kowa yi masa tsiya a kai.

Ranar Talata ya turo mini voice. Ina tuƙi a babbar hanyar 270, ga go-slow, na saurara sama-sama. Na ji kamar ya ce yana gari. Na rubuta masa, "Madalla, sai Juma'a."

Juma'a muka haɗu a masallaci. Ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce, "Kada ka damu, ƙanena. Jira ai a Faransa na koye shi."

Ban gane ba. Dariya ma na yi.

Yau da na ji rasuwar, na buɗe voice ɗin don in ƙara jin muryarsa.

"Ina gar ɗin Germantown, jikin ba daɗi. In kana kusa ka zo ka ɗauke ni."

Wallahi ranar ina kusa da tashar.

Hajiyarsa ta ce mini ranar daga asibiti yake. Ya daɗe zaune a tashar kafin ya haƙura ya nemi tasi, kuma ya hana ta faɗa mini.

Kunya nake ji, jama'a. Kalmar da na yi shekaru ina tsokanarsa da ita, ranar da ya kira ni da ita ban ji ta ba.

Allah Ya jiƙan Malam Isufu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, shi kam ya riga ya yafe tun ban san na yi ba.